Moɗa da Kaskon Turaren Inna

Ni ce ƴar fari a ɗakinmu, shi ya sa mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba don a tausaya mini nake faɗa ba. Haka abin yake a gidanmu da yawancin gidajen da na sani a Tawa, ko da yake na ga iyayen yanzu sun fara sassautawa. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zaman hira da shi, ba ta bari a ga tana sonsa. In na gaishe da Inna, takan amsa a taƙaice, idonta na wani wuri. In tana son in yi mata wani abu, sai ta faɗa kamar da bango take magana: "A ɗauko tabarma." Ni kuma in tashi in ɗauko. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar mahaifina, a Afala. A hannunta na girma, sai da karatu ya yi nisa sannan na dawo birni.

Shekarar da nake son ba da labarinta ita ce wadda na gama jami'a a Yamai na koma gida ina jiran a tura ni aikin koyarwa. Baba ya riga ya rasu shekara biyu kafin nan. Ƙannena maza suna Abijan wajen nema, ƙanwata tana aure a Agadas. Gwaggo ta zo taya Inna zaman takaba, daga nan ba ta koma Afala ba. Kullum tana cewa mako mai zuwa za ta tafi. Mu uku ne ke nan a gidan, duk mata.

Inna tana da kaskon turare na ƙasa, baƙi, ɗan bakinsa ya fashe ta gefe ɗaya. Kowace rana kafin magariba sai a kai mata garwashi, ta zuba a kaskon, ta barbaɗa turaren wutan da take haɗawa da hannunta, na ƙajiji da wasu saiwoyi waɗanda har yau ban san sunansu duka ba. Sai ta saki labule ta ja ƙofa don kada ƙamshin ya gudu. Tagar ɗakin kuwa tun ciwon Baba aka toshe ta da kwali, ba a sake buɗewa ba. Hayaƙin yakan cika ɗakin har sai ka daina ganin kwanukan da ke jere a kan kabad. Ita kuma tana zaune a tsakiyarsa da carbinta. Duk abin da ya fito daga ɗakin nan yana ɗauke da ƙamshin, har ƙullin yajin da ake aiko mini makaranta.

Tari ya daɗe yana damunta, amma a bazarar nan ya zama wani abu dabam. In ta ja numfashi sai ka ji wani siririn sauti a ƙirjinta kamar kukan ɗan tsako. Wata rana bayan la'asar ta tashi za ta ɗauki buta, sai ta dafa bango ta tsaya, bakinta a buɗe, tana neman iska ba ta samu. Ni da Gwaggo muka kai ta asibiti.

Likitan da ya duba ta ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Da ya gane na yi karatu sai ya juyo gare ni da Faransanci. Ya ce fuka ce. Ya rubuta magani, ya nuna mini yadda ake amfani da ɗan famfon nan da ake fesawa a baki. Sannan ya taɓa hancinsa, ya nuna mayafin Inna, ya tambaye ni ko ana turare a ɗakin da take kwana. Na ce ana yi. Ya ce to wannan shi ne na farko da zai fita. In ba a raba ta da hayaƙi ba, magani ba zai yi wani abin kirki ba. Ya maimaita har sau biyu.

Na juya wajen Gwaggo na fassara, don ba zan dubi Inna in yi mata bayani ba. Na faɗi sunan ciwon, na faɗi yadda za a sha magani, na faɗi ranar da za a dawo. Maganar hayaƙi ban faɗe ta ba. Har yanzu ban iya cewa ga dalili guda ba. Na dai ji ta taho har bakina, sai na ga hannun Inna riƙe da bakin mayafinta, na haɗiye.

Da muka dawo gida na sami Gwaggo a madafa na gaya mata abin da na rage. Ina fata ta ce za ta isar. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Ni? Ni zan hwaɗa mata ta bar turare? Ke kin san tun yaushe take yinshi? Tun ranar da muka kawo ta gidan ga tana amarya. Ƙanena in ya dawo kasuwa, tun daga zaure yake jin ƙamshin, sai ya yi gyaran murya. Yanzu shi ya tahi, turaren ya rage. Ki je ki raba ta da shi da kanki, ba ke ce mai dipulom ba?"

"Gwaggo, kin san ba zan iya ba."

"To ni ma ban iya ba. Miƙo mini gishiri."

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne da waya a hannu. Ina da wannan hali, in abu ya dame ni sai in yi ta karatu a kansa har in ƙara rikita kaina. A nan na ci karo da bayanin shuke-shuken da ake ajiyewa cikin ɗaki, waɗanda aka ce suna tsotse dattin iska. Gaskiya, a wannan karatun ma na ga masu cewa amfaninsu a ɗaki na gaske kaɗan ne ƙwarai, sai an tara su da yawa kafin a ga wani bambanci. Na karanta wannan, na fahimta, na kuma wuce shi. Abin da nake nema shi ne wata hanya wadda ba sai na buɗe baki ba. Na ce a raina, in ba zan iya fitar da hayaƙin ba, bari in shigo da abin da wataƙila zai rage shi.

Akwai wani mai garka, wato lambu, a bakin tabki, mutumin Maradi, yana sayar da dashen mangwaro da lemu, a gefe kuma yana da ƴan furanni don ma'aikata da masu otel. Na nuna masa hoto a waya. Ya yi dariya ya kai ni wata inuwa, ga ta nan jere: ganyaye dogaye masu kauri, a miƙe kamar takubba, da zane-zane kore da fari-fari.

"Moɗa ke nan," in ji shi. "Masu Faransanci harshen suruka suke ce mata. Malama, wannan ba ta da wahala. Ki sa ta inda haske yake shiga amma ba cikin rana tsaka ba. Abu guda: kada ki cika mata ruwa. Kwana goma sau ɗaya ya ishe ta. Ƙishirwa ba ta kashe ta, ruwa ke kashe ta."

Na sa ya sake faɗa, na rubuta a waya. Na ɗauki biyu, kowace a cikin yankakken bido, wato jarkar roba, na hau kabu-kabu ina rungume da su, ganyen yana sukar mai babur a ƙeya yana ta mita.

Gwaggo na tsakar gida tana tsince shinkafa da na shigo.

"Mi na wanga?"

"Shuka ce, Gwaggo. Ta ɗaki."

"Ta ɗaki! Tana ɗiya?"

"A'a."

"Ana miya da ita?"

"A'a. Kada ma a ci, an ce tana iya ɓata ciki."

"Awaki hwa?"

"Ban sani ba. Ina jin su ma gara kada su ci."

"To madalla. Shekara huɗu a Yamai, kin dawo mana da ciyawar da akuya ma ba ta ci. A sa ta ɗaki ta kira mana macizai da sauro."

Na ɗaga murya kaɗan yadda za a ji daga cikin ɗakin Inna, na ce an ce tana taimakawa wajen gyara iskar ɗaki, ko da yake ban tabbata ba, kuma ba lalle ba ne ta yi wa kowa aiki, sai dai ba ta cutarwa in ba a ci ba, kuma tana son haske. Gwaggo ta ce a cikin maganata ba ta san wadda za ta kama ba, kowace na faɗa sai na bi ta na goge. Can sai muryar Inna ta fito daga bayan labule:

"A shigo da su."

Na shiga na ajiye su ƙarƙashin tagar da ke toshe, na fito ban ɗaga kai ba. Washegari da hantsi, ina shanya, sai na ga kwalin nan a jingine a bakin ƙofa. An buɗe tagar. Ban san yadda ta yi ta ciro ƙusoshin ba, ba ta kuma ce a taimaka mata ba.

A tsakar gidanmu akwai bishiyar bedi, wato dogon yaro, wadda Baba ya dasa. Ba a taɓa ɗebo mata ruwa na musamman ba. A garinmu ruwa ba abin zubarwa ba ne. A gindinta kowa yake alwala, da wannan ruwan ta girma har ta rufe rabin gidan. A ƙarƙashinta Baba yake shimfiɗa tabarmarsa. Inna kuwa tun da ƙirjinta ya matsa mata, a ɗaki take alwala cikin wata tasa, a fitar a zuba wa bedin. To, bayan kwana biyu da zuwan moɗa sai na lura an daina fito da tasar.

Na leƙa ta gefen labule bayan azahar. Inna ta gama alwala, ta ɗauki tasar, ta raba ruwan biyu, rabi ga wannan bido, rabi ga wancan. Sannan ta jiƙa bakin mayafinta ta shiga goge ganyayen ɗaya bayan ɗaya, tun daga gindi har tsini. Haka na sha ganin tana goge fuskar ƙanwata tana ƙarama, ni ina tsaye daga nesa in na zo hutu.

Na san lissafin: sau biyar a rana, abin da aka ce sau ɗaya a kwana goma. Maganar mai garka tana nan a wayata. Amma ban ce komai ba. Ban taɓa kawo wani abu gidan nan Inna ta taɓa shi haka ba. Takardar shaidar gama karatuna ma da na kawo, Gwaggo ce ta karɓa ta yi guɗa, Inna ta ce "Allah ya sa albarka" tana fuskantar murhu. Sai na koma dabara. In ta shiga wanka da safe, in lallaɓa in karkata bidon in tsiyaye ruwan da ya kwanta. Na ƙara huda gindinsu da ƙusa. Duk da haka ƙasar ba ta taɓa bushewa ba.

Turare kuwa yana nan yadda yake. Abin da ya sauya kawai shi ne hayaƙin yana samun taga yana fita. Wasu ranakun numfashinta da sauƙi, wasu ranakun sai ta fesa famfon sau da yawa. Ni kuma ina zaune a tsakar gida duk magariba ina kallon hayaƙin da ke fitowa, ina jin kamar ni nake hura mata shi.

Wajen mako uku, ganyen moɗa ya fara rawaya daga ƙasa. Ɗaya ya yi laushi ya kwanta a bakin bido. In ka matso sai ka ji wari kamar na albasar da ta ruɓe. Muna zaune da yamma muna gyaran zogale, sai Inna ta ce, ba ta dubi kowa ba:

"A tambayi mai karatu mi ya sami abin nan."

Gwaggo ta juyo gare ni kamar ban ji ba. "An ce a tambaye ki mi ya sami ciyawarki." Sai ta ɗan kanne ido ɗaya, ta ƙara da nata: "Ko hayaƙi na ba ta so?"

Na san ba hayaƙi ba ne. Ko in ce, na san babban dalilin ruwa ne. Amma ga ƙofa Gwaggo ta buɗe mini. Na ce, "To... ba zan ce ba shi ba ne. Yana yiwuwa. Shuka ma tana numfashi, ta ganye. In hayaƙi ya yi yawa, ina jin zai iya takura mata."

Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki in aka bi su ɗaya-ɗaya, na sha gaya wa kaina haka. Amma na san abin da na so a fahimta, kuma shi aka fahimta.

A ranar, da aka kai garwashi, Inna ta fito da kaskon da kanta ta ajiye a bakin ƙofa ta waje. Ta barbaɗa turaren, ta koma ciki ta zauna kusa da moɗarta. Gwaggo ta dube ni ta taɓe baki, wai ka ga aiki.

Sati biyu kaskon yana waje. Ba zan rantse cewa wannan ne kaɗai ya kawo sauƙi ba, don a lokacin ruwan sama ya sauka, zafi ya ragu, ga kuma magani tana sha. Amma kukan ɗan tsakon nan ya yi ƙasa sosai. Ta fara fitowa tana tankaɗe. Wata safiya har ta taka zuwa gidan maƙwabta barka, ta dawo ba ta dafa bango ba.

Sai dai moɗa ba ta warke ba, tunda ruwan alwala bai fasa zuba ba. Ɗaya bidon ya mutu murus. Da na taɓa ganyen sai ya zare daga ƙasa, gindinsa baƙi, yana yauƙi. Ɗayan ya rage ganye huɗu. Inna ƴar manoma ce, ba a yi mata wasa da shuka. Wata Alhamis bayan la'asar na ji ta daga ɗaki tana cewa:

"Hayaƙi ya hita, abu bai warke ba. Ashe ba shi na ba." Can ta ƙara da cewa, "A kawo garwashi ciki."

Na dubi Gwaggo. Gwaggo ta miƙe ta yafa mayafinta.

"Ni na tahi gaisuwar rashin lahiya bayan masallaci. Ku uku kun ishi juna, ke da ita da ciyawa."

"Gwaggo, don Allah."

"Ɗiyata, na goya ki, na yi miki tsarki, na kai ki lakwal karatu. Wagga kam ba ni iya yi miki ita." Ta sa takalmi ta fita.

Na ɗebi garwashi a marfin kwano. Na yi sallama na shiga. Inna tana zaune a bakin gado, kaskon yana gabanta, kwalbar turaren a buɗe. Ban miƙa mata ba. Na wuce wajen taga na durƙusa gaban moɗar da ta rage, na ajiye marfin a ƙasa. Ban shirya abin da na yi ba. Na dai san ba zan iya duban Inna ba, kuma ba zan iya fita ba. Sai na ji ina yi wa shukar magana.

Na ce, "Moɗa, ki yafe mini. Ba hayaƙi ke kashe ki ba, ruwa ne. Mai garka ya gaya mini tun ranar farko, kwana goma sau ɗaya. Na ga ana ba ki sau biyar a rana na yi shiru, don... don na ji daɗin yadda ake kula da ke." Na taɓa ganyenta, na ci gaba. "Hayaƙin ba ke yake cuta ba. Mai ɗakin yake cuta. Likita ya faɗa, har sau biyu, ya ce in ba a raba ta da shi ba magani ba zai yi aiki ba. Ni ce ban fassara ba. Na kawo ki ne don na kasa faɗa. Kuma ban ma tabbata kina gyara iskar ba."

Ina jin garwashin yana ƴar ƙara a marfin kwano, ina jin awakin maƙwabta ana shigo da su. Na ɗauka za ta ce a fita. Sai na ji gadon ya motsa. Ta taso ta zo ta tsaya, ba kusa da ni sosai ba, ta ɗaya gefen bidon. Ta kama ganye ɗaya da yatsu biyu.

"Ke moɗa," in ji Inna, "wadda ta kawo ki ta cika tsoro. Likita ya yi magana mai tsawo, ya taɓa hanci, ya nuna mayahina, hwassara ta zo guntuwa. Ana zaton ban gani ba."

Na sunkuyar da kai.

"Tun tana ƙarama haka take. Ba ta taka wuri sai ta taɓa da ƙahwa ta gani. Haka aka ce mini." Ta saki ganyen ta kama wani. "Duk wanda ya zo daga Afala ranar kasuwa, sai in ce mishi, ina awakin Gwaggo? In ya gama ba ni labarin awaki, ai dole ya kai ga sauran mutanen gida."

Ban taɓa sanin wannan ba. Shekarun nan duka ina zaton in an zo birni an koma, ba wanda ya tambaya. Hawaye suka zubo mini, na bar su, don in na ɗaga hannu na share za ta gani, in ta gani kuma dole ta daina magana.

"Turaren ga," ta ci gaba, "ba don ƙamshi nake yi ba yanzu. Hancina ma ya daina jinshi sosai. In na zuba, sai in ji kamar za a yi gyaran murya a zaure."

Na ce wa moɗa, a hankali, "Na sani. Shi ya sa na kasa. Amma ina tsoron ranar da za a dafa bango a rasa iska, ba kowa kusa."

Ni dai ina kallon garwashin yana yin toka a sama. Can ta koma bakin gado, na ji ta rufe kwalbar.

"A kai kaskon gindin bedi," in ji ta. "Ai can mai gidan yake zama, ba nan ba."

Na ɗauki kaskon da marfin kwanon na miƙe. Har na kai labule sai ta sake magana, wannan karon da wata murya, irin wadda take yi wa mai tallan da ya faɗi abin da bai kamata ba.

"Kwana nawa aka ce?"

Na tsaya. Ban san ko da ni take ko da shukar ba. Na ce, "Goma."

"Goma! Wagga shuka ta ko raƙumi?"

Da Gwaggo ta dawo ta tarar da kaskon yana hayaƙi a gindin bedi, Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta ta inda iska ba ta kai mata shi, ni kuma ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "To, wa ya mutu?" Ba wanda ya amsa. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta shiga neman butarta.

Washegari na koma wurin mai garka da ganye huɗun nan. Ya zare su, ya yanke ruɓaɓɓen gindin, ya ce in bar su su sha iska kwana biyu a inuwa sannan in dasa a ƙasa mai yashi. Ya tambaye ni wa ya yi musu wannan wanka. Na ce ruwan alwala ne. Ya ce to ai sun sha albarka, saura su sha ƙishirwa. Biyu sun kama, biyu ba su kama ba. Inna ta koma aika tasar alwala gindin bedi. Don kada ta manta kwanakin, sai ta daina ƙirga goma, ta mai da shi Juma'a: wannan Juma'ar a ba moɗa ruwa, mai zuwa a tsallake. Na so in ce kwana goma sha huɗu ke nan, ba goma ba, sai na ga gara in yi shiru. Shukar ma ba ta yi ƙorafi ba.

Ba zan ce Inna ta warke ba. Fuka ba ta barin mutum haka nan, kuma har yau ɗan famfonta yana ƙarƙashin matashi. In sanyi ya shigo takan sha wuya kwana biyu. Amma ba mu sake komawa asibiti a rikice irin na ranar nan ba, kuma kaskon bai sake kwana a ɗaki ba. In wani ya tambaye ni ko moɗa tana tsabtace iska, nakan ce ban sani ba, wataƙila kaɗan. Abin da na gani da idona shi ne ta sa an buɗe taga.

Ba mu koma hira ni da Inna ba, kada a ɗauka haka. Har gobe ba ta kiran sunana. Bayan damina aka tura ni koyarwa Takanamat. Na yi wata uku a can, wata ranar kasuwa sai ga direban motar garinmu yana nemana a makaranta, riƙe da gwangwanin tumatir. A ciki akwai ɗan tsiron moɗa, bai fi tsawon yatsa ba, an ɗaure bakin gwangwanin da tsumma don kada ƙasar ta zube. Tsumman yana ƙamshin ƙajiji. Na tambaye shi ko an ba shi saƙo. Ya ce a'a, tsohuwar dai ta ce a kai wa malama, kada a bari rana ta buge shi.

Da yamma na kira wayar Gwaggo. Muka gaisa, ta ba ni labarin unguwa kaf, wanda ya yi aure da wanda ya dawo daga Abijan. Ina saurare, amma kunnena yana can bayan muryarta, ina neman jin numfashin da ke kusa da ita. Ban ji kukan ɗan tsako ba. Sai na ji Inna daga ɗan nesa tana cewa:

"A tambaya ko moɗar can ta isa lahiya. Kuma a tambaya ko tana cin abinci."

Gwaggo ta ce, "Kin dai ji. Wai ko ciyawa tana cin abinci."

Na ce a gaya mata ta iso lafiya, tana bakin taga, kuma tana ci.